Yadda za ka kare kasuwancinka na intanet idan Google ko Facebook suka canza doka

Duk wanda ke neman abincinsa ta intanet, ko kaya yake sayarwa, ko rubutu yake yi ana biyansa kuɗin talla, ko la'ada yake karɓa idan ya kawo mai saye, hanyar da mutane ke bi su iso wurinsa ba a hannunsa take ba. Tana hannun wasu kamfanoni da ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Google kaɗai na riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a intanet, Meta kuma shi ke da Facebook da Instagram da WhatsApp. Ranar da ka buɗe asusu da su, cikin abin da ka amince da shi har da cewa suna iya sauya sharuɗɗan duk lokacin da suka ga dama.

Kuma sun sha sauyawa. A Fabrairun 2011 Google ya fito da Panda, wani sauyi a tsarin jera sakamakon bincikensa, ya danne shafukan da ke cike da rubutu marar ƙwari. A Afrilun 2012 Penguin ya biyo baya, ya hukunta masu sayen mahaɗai (link) daga wasu shafuka don su hau sama. A Janairun 2018 Facebook ya sanar cewa zai fifita abin da dangi da abokai suka wallafa a kan na kamfanoni da gidajen jaridu, shafukan da suka shekara suna tara mabiya suka wayi gari saƙonsu ba ya isa ga yawancinsu. A Afrilun 2021 Apple ya tilasta wa manhajojin iPhone neman izini kafin su bi sawun mai waya, har Meta da kansa ya ce wannan zai rage masa kusan dala biliyan 10 a shekarar 2022. Idan kamfani kamar Meta ya ji a jikinsa saboda wani ya sauya doka, ina ga mai ƙaramin kasuwanci?

Ba za ka iya hana irin wannan sauyi ba, kuma duk wanda ya ce maka ya san abin da za a sauya gobe, kuɗinka yake so. Abin da ke hannunka shi ne girman ɓarnar da sauyin zai yi maka. Wannan aikin kuwa ana yin sa ne lokacin da ciniki ke tafiya lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: gano ƙofar da kuɗinka ke shigowa

Yawancin masu kasuwanci sun san cinikinsu na wata, amma da ka tambaye su ta ina kowane mai saye ya zo, sai ka ji "ina jin dai Facebook ne". Da "ina jin" ba a tsara kariya. Ɗauki cinikin watanni 6 da suka wuce ka raba shi gida-gida: waɗanda suka zo ta binciken Google kyauta, waɗanda tallan da ka biya ya kawo, waɗanda suka ga abin da ka wallafa a dandalin sada zumunta, tsofaffin kwastomomi da suka dawo da kansu, da waɗanda wani ya ba su labarinka. Riba za ka ƙirga, ba yawan maziyarta ba. Hanya na iya kawo dubban mutane da ba sa sayen komai, wata kuma ta kawo 'yan kaɗan masu biya.

A ce mai sayar da jakunkuna ya yi wannan lissafin. Cikin oda 100, ya ga 40 sun zo ta tallan Instagram, 22 ta tallan Facebook, 21 ta Google, 10 tsofaffin kwastomomi ne, 7 kuma ta bakin mutane. A tunaninsa yana da ƙofofi biyar. Amma tallan Instagram da na Facebook daga asusu ɗaya suke fita, a ƙarƙashin doka ɗaya. Ranar da aka dakatar da wannan asusun, oda 62 ne suka tafi lokaci guda. Tambayar da zai yi wa kansa ita ce: idan waɗannan suka ɓace na wata guda, zan iya biyan ma'aikata da masu kawo min kaya? A ganina, duk kamfanin da ya wuce rabin ribarka ke ratsa hannunsa, ya riga ya zama barazana ko da yau kuna zaman lafiya.

Don lissafin ya fito daidai, sa alamar UTM, wato 'yan kalmomin da ke nuna inda aka danno mahaɗa, a ƙarshen kowace mahaɗa da ka rarraba, domin Google Analytics, manhajar ƙirga maziyartan shafi, ya nuna maka asalin kowane maziyarci. Ka ƙara tambaya ɗaya a wurin biyan kuɗi: "A ina ka ji labarinmu?" Wannan amsar ba ta dogara da fasahar kowa ba. Sannan duk ƙarshen wata ka sauke alƙalumanka ka ajiye a kwamfutarka. Search Console, inda Google ke nuna maka yadda shafinka ke fitowa a bincike, watanni 16 kawai yake riƙe bayanan bincike, kuma tsohon Google Analytics ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yulin 2023, daga baya aka rufe shi gaba ɗaya. Wanda bai sauke nasa ba ya rasa tarihin shekaru.

Mataki na biyu: tabbatar abin da kake kira naka, naka ne

Fara da adireshin shafinka, wato domen. Duba da sunan wa aka yi rajistarsa. Mutane da yawa sukan bar wa wanda ya gina musu shafi ya yi rajista da sunansa da imel ɗinsa, sai ranar da aka ɓata ko ya daina ɗaga waya su gane ba su da iko da komai. A mayar da rajistar sunanka ko na kamfaninka, a kunna sabuntawa ta kai tsaye, a kuma sa imel ɗin da kake buɗewa kullum. Adireshin da ya mutu, wani na iya saye, kuma dawo da shi na da wuya.

Ka riƙa ajiye kwafin shafin gaba ɗaya, da hotunan kaya da bayanansu da jerin oda, a wani wuri daban da kamfanin da ke ɗauke da shafin. Ka taɓa gwada dawo da shafin daga kwafin ko sau ɗaya, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana aiki ba.

A asusun talla da shafukan sada zumunta, kada mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ne mai iko. Sa amintaccen mutum na biyu da asusunsa na gaskiya, ku duka ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Idan kamfanin talla ke yi maka aiki, asusun ya zama naka, kai ka ba su izinin shiga.

Wanda kasuwancinsa gaba ɗaya a kan shafin sada zumunta yake zaune, ya tuna da ranar 4 ga Oktoban 2021, lokacin da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke tare na kusan awa 6. Wannan na awanni ne. An rufe dandalin bidiyo na Vine a 2017, an rufe dandalin sada zumunta na Google+ a 2019, Indiya kuma ta haramta TikTok a Yunin 2020. Mabiyan da aka tara a waɗannan wurare ba su koma ko'ina da masu su ba. Ko shafi mai sauƙi ne, mai ɗauke da kayanka da farashi da lambar waya, ka mallaki guda.

Mataki na uku: riƙe hanyar da za ka yi magana da kwastomanka kai tsaye

Idan abu ɗaya za ka iya yi cikin wannan jagorar, to wannan ne. Mutumin da ya taɓa sayen kayanka ya gamsu, shi ne mafi arahar kwastoma da za ka samu, amma da yawa sukan sake biyan kuɗin talla don su isa ga wanda suka riga suka sani, kawai saboda ba su ajiye lambarsa ko imel ɗinsa ba.

Nemi izini a fili. A wurin biyan kuɗi ka sa akwatin da mutum zai danna da kansa idan yana son ka riƙa sanar da shi sabbin kaya. Kada ka danna masa tun farko. Ga wanda ya shigo bai saya ba, ba shi dalilin da zai bar adireshinsa: sanarwa idan kayan da ya ƙare ya dawo, ko rangwame a sayen farko, ko wani bayani mai amfani da ba zai samu a wani wuri ba. Rubuta ranar da kowa ya ba da izini da inda ya bayar. Idan kana da kwastomomi a Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta shafe ka ko a ina kake zaune, kuma ƙasashe da dama sun kafa nasu dokokin kare bayanai. Duba ta inda kake da ta inda masu sayenka suke.

Sayen jerin imel ko lambobin waya daga wani, kada ma ka soma. Mutanen ba su san ka ba, za su kai ƙarar saƙonka a matsayin shara, daga nan har saƙon da ka aika wa kwastomanka na gaskiya ya daina shiga akwatinsa. Imel ma yana da masu gadinsa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara doka a kan masu aika saƙo da yawa. A Gmail, wanda ke aika saƙo 5,000 ko fiye a rana dole ya saita SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke tabbatar da cewa saƙon daga adireshinsa ya fito, ya sa hanyar fita daga jerin da danni ɗaya, kuma ƙorafin shara a kansa kada ya kai kashi 0.3 cikin 100. Ko ba ka kai wannan adadin ba, ka saita su tun yanzu. Aikin bai wuce na rana ɗaya ba.

Bambancin imel da mabiya shi ne jerin yana iya bin ka. Idan kamfanin da kake aika saƙo ta hannunsa ya ƙara kuɗi ko ya rufe asusunka, sai ka ɗauki jerinka ka koma wani. Saboda haka ka riƙa sauke shi kowane wata. Haka nan lambobin waya. WhatsApp na da amfani ƙwarai, amma na Meta ne, yana rufe lambar da mutane suka yawaita ƙorafi a kanta, kuma saƙon da ka watsa ta jerin mutane 256 yana isa ne kawai ga waɗanda suka ajiye lambarka. Lambobin su kasance a rubuce a wurinka, da sunan kowa da abin da ya saya da ranar da ya saya.

Jerin da aka tara aka yi shiru da shi shekara guda ya mutu. Ranar da ka tashi buƙatarsa, mutanen sun manta da kai. Ka riƙa aika wani abu a kai a kai, ko sau biyu ne a wata, kuma kada kowane saƙo ya zama "zo ka saya". Mai jakunkunan nan zai iya aika yadda ake goge jakar fata kada ta tsage, ko yadda ake gane ɗinki mai ƙarko. Wanda ya saba amfana da saƙonka shi zai buɗe ranar da ka ce ga sabon kaya.

Mataki na huɗu: gina matsayinka a bincike kan abin da ba ya rushewa da sauƙi

Idan ka jera manyan sauye-sauyen Google tun daga Panda, za ka ga alƙibla ɗaya suke fuskanta: duk dabarar da ke sa shafi ya hau sama ba tare da ya amfani mai karatu ba, wata rana za a rufe ta. A Maris ɗin 2024 kamfanin ya ambaci abubuwa uku da sunansu a dokokinsa. Na farko, zuba ɗaruruwan shafuka marasa amfani don kawai a kama bincike, ko mutum ne ya rubuta ko ƙirƙirarriyar basira. Na biyu, sayen tsohon adireshi da ya mutu a cika shi da wani abu daban don a ci gajiyar sunansa. Na uku, babban shafi ya ba wasu haya su wallafa abin da bai shafe shi ba don su raɓu da darajarsa. Idan wanda ka ɗauka ya inganta maka shafi yana yin ɗaya daga cikinsu, ko yana saya maka mahaɗai da yawa a farashi mai rahusa, dakatar da shi. Hukuncin a kan adireshinka zai faɗa, shi kuwa ya wuce wurin wani. Mahaɗar da aka biya kuɗi aka sa, Google na buƙatar a yi mata alamar da ke nuna ta talla ce.

Sai dai gaskiya ita ce bin doka ba ya ba da tabbaci. Bayan sabuntawar da Google ya yi wa tsarin bincikensa a Satumban 2023, masu ƙananan shafuka da yawa da ke rubutu da hannunsu sun koka cewa maziyartansu sun zube, wasu kuma ba su farfaɗo ba. Shi ya sa ban yarda da masu cewa "ka dai rubuta abu mai kyau, sauran zai zo da kansa" ba. Rubutu mai kyau yana rage haɗari. Ba ya kawar da shi.

Akwai kuma wani sauyi da ba hukunci ba ne. A Mayun 2024 Google ya fara nuna amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike a Amurka, daga baya ya faɗaɗa zuwa ƙasashe da yawa. Mai tambaya na iya samun amsarsa bai danna shafin kowa ba. To, duba rubuce-rubucenka da wannan idon. Duk wanda za a iya taƙaita shi a layi biyu, kamar ma'anar wani abu ko jerin da kowa ke da shi, kada ka jingina da shi. Ka sa ƙarfinka a abin da sai a wurinka ake samu: hoton kayan da ka ɗauka da kanka, gwajin da ka yi, amsar tambayoyin da kwastomomi ke yi maka kullum, ra'ayoyin masu saye na gaskiya har da masu suka, farashi da lokacin isar da kaya a bayyane.

Cikin Search Console ka ware binciken da ke ɗauke da sunan kasuwancinka, ka riƙa bin adadinsa wata-wata. Mutumin da ya rubuta sunanka, kai yake nema, kuma da wuya wata sabuntawa ta raba ku. Wannan adadin ya fi min muhimmanci a kan matsayi na ɗaya a kowace kalma.

Ɓangaren fasaha ba ya buƙatar dogon bayani: shafin ya buɗe da sauri a waya, ya kasance da HTTPS, wato kariyar da ke ɓoye bayanai tsakanin shafi da mai ziyara, idan ka sauya adireshin wani shafi ka tura tsohon zuwa sabon. Ka yi rajista a Bing Webmaster Tools, takwaran Search Console na injin binciken Microsoft. Kyauta ne, kuma Yahoo da DuckDuckGo suna amfani da sakamakon Bing.

Mataki na biyar: kiyaye asusun tallarka

A bincike matsayi kan sauka a hankali ko ya faɗi rabi. A talla kuwa ana iya rufe ka gaba ɗaya cikin dare guda. Don haka ka zauna ka karanta dokokin da suka shafi irin kayanka, tun daga farko har ƙarshe, sau ɗaya. Lafiya, magunguna, rage ƙiba, bashi, zuba jari, caca, gidaje da guraben aiki su ne wuraren da doka ta fi tsauri kuma ta fi sauyawa. A Yulin 2016 Google ya haramta tallan bashin da ake biya cikin kwana 60. A 2018 Facebook da Google duk sun haramta tallan kuɗin kirifto, daga baya suka sassauta da sharuɗɗa. A Janairun 2022 Meta ya cire damar zaɓen masu ganin talla bisa abubuwa kamar lafiya da addini da siyasa. Idan a ɗaya daga waɗannan fannoni kake, ka ɗauka cewa talla hanya ce ta wucin gadi.

Yawancin dakatarwa ba daga babban laifi suke tasowa ba. Ɗauki mai sayar da na'urar awon suga da ya rubuta: "Kana fama da ciwon suga? Ga mafita." Meta ba ya yarda talla ta nuna ta san halin lafiyar mai karatu, ko addininsa, ko matsin kuɗin da yake ciki. Da ya rubuta "Na'urar awon suga, tana ba da sakamako cikin daƙiƙoƙi", magana ta koma kan kaya, ba kan mutum ba. Haka kuma ba tallar kaɗai ake dubawa ba, har shafin da take kaiwa. Farashin da ke talla ya zama shi ne a shafi. A ga sunan kasuwanci, hanyar tuntuɓa, sharuɗɗan mayar da kaya da bayanin yadda kake sarrafa bayanan mutane. Alƙawarin warkewa ko samun kuɗi cikin dare, cire shi ko da kana ganin abokan gasarka na yi. Nasu lokacin ne bai zo ba.

Sunan da ke asusun talla, da na takardun rajistar kasuwanci, da na katin biyan kuɗi, su dace da juna. Tun 2020 Google ke neman masu talla su tabbatar da ko su wane ne da takardu, kuma saɓanin suna ko yawan sauya kati na jawo tuhuma. Tallar da aka ƙi amincewa da ita, kada ka bar ta a asusun, kada kuma ka sake tura ta da ɗan kwaskwarima don ka wuce idon na'ura. Tun Satumban 2021 Google Ads na da tsarin maki uku a kan wasu dokoki: bayan gargaɗi, karo na farko a tsayar da asusu kwana 3, na biyu cikin kwana 90 a tsayar kwana 7, na uku a dakatar da shi.

Buɗe hanya ta biyu tun ta farko na da lafiya. Ware kamar kashi ɗaya cikin goma na kuɗin talla ka sa a wani kamfani daban: mai amfani da Meta ya gwada Google Ads ko TikTok, mai Google ya gwada Microsoft Advertising. Da farko za ka ga kamar asara ce, don sakamakon ba zai kai na inda ka saba ba. Abin da kake saye shi ne asusu mai tarihi, wanda aka riga aka tantance, da sanin irin tallar da ke aiki a can.

Game da awon sakamako, kada ka dogara da abin da allon kamfanin talla ya nuna kaɗai. Manhajojin buɗe intanet Safari da Firefox sun daɗe suna toshe kukis na ɓangare na uku, wato ƙananan fayilolin da kamfanonin talla ke bin sawun mutum da su daga shafi zuwa shafi. A 2020 Google ya ce zai cire su daga Chrome, ya yi ta ɗagawa, a Yulin 2024 ya janye. Waɗanda suka gina lissafinsu a kan littafin odarsu, wannan kai-komon bai dame su ba. Kowane mako ka raba kuɗin da ka kashe a talla da adadin sabbin kwastomomin da suka biya da gaske, ka san iyakar da idan aka wuce ta babu riba.

Duka kamfanonin suna wallafa sauye-sauyen dokokin tallarsu, Google ma yakan sanar da da yawa kafin su fara aiki. Sa rana ɗaya a wata ta dubawa, kuma imel ɗin da ke kan asusun ya zama wanda ake karantawa.

Mataki na shida: idan kuɗin talla ko la'ada kake ci

Mai shafin da AdSense (tsarin Google na biyan masu shafi kuɗin tallar da yake sawa a shafinsu) ko la'ada ke ciyar da shi yana tsakanin masu iko biyu, mai kawo maziyarta da mai biyan kuɗi. A Afrilun 2020 Amazon ya rage la'adar kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa 3, ta kayan masarufi daga 5 zuwa 1, da sanarwar kusan mako guda. A Janairun 2018 YouTube ya ce sai mai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara zai samu kuɗin talla. Ka shiga tsarin la'ada fiye da ɗaya, ka nemi masu talla ku yi yarjejeniya kai tsaye, ka kuma samar da wani abu naka da ake saye, ko darasi ne ko hidima. Kada ka danna tallar shafinka, kada ka roƙi 'yan uwa su danna, kada ka sayi maziyarta masu araha. Wannan na cikin manyan dalilan rufe asusun AdSense.

Mataki na bakwai: ajiyar kuɗi

Ware abin da zai riƙe kasuwancin wata 3 ba tare da babbar ƙofarka ba. Lokacin da ciniki ya haɓaka saboda wata hanya ɗaya, ka yi taka-tsantsan da ɗaukar nauyin da ba ya sauka da sauri, kamar dogon haya, bashi, ko tara kaya da yawa.

Mataki na takwas: ranar da abin ya faru

Idan maziyarta daga bincike suka faɗi, abu na farko shi ne kada ka taɓa komai sai ka san dalili. Fara da kanka. Shin na'urar ƙirgar ce ta lalace? Idan Analytics ya nuna faɗuwa amma oda na shigowa kamar kullum, matsalar awo ce. Shafin yana buɗewa? Takardar HTTPS ba ta ƙare ba? Sau da yawa wanda ya yi gyara ne ya bar umarnin noindex, mai hana Google nuna shafi a bincike, ko ya toshe Google a fayil ɗin robots.txt bai sani ba. Daga nan ka shiga Search Console ka duba sashen hukuncin da ma'aikatan Google ke yankewa da hannu, da sashen matsalolin tsaro. Idan akwai hukunci, za a faɗi laifin, ka gyara shi gaba ɗaya, sannan ka nemi a sake dubawa.

Idan babu, buɗe Google Search Status Dashboard ka gwada ranar faɗuwarka da ranar da aka fara sabuntawa. Ka kuma kwatanta da irin wannan watan na bara, don wasu kayan lokaci gare su. Sannan ka dubi alƙaluma biyu tare. Idan matsayinka bai motsa ba amma danni ya ragu, fasalin shafin sakamakon ne ya sauya, gyaran rubutu ba zai dawo da shi ba. Idan matsayi ne ya faɗi, gano waɗanne shafuka da waɗanne kalmomi, ka buɗe waɗanda suka hau samanka ka karanta su da zuciya ɗaya. Babbar sabuntawa kan ɗauki makonni, ta Maris ɗin 2024 ta ɗauki kwana 45, kuma Google da kansa ya ba da shawarar a jira mako guda bayan ta kammala kafin a yanke hukunci. Goge shafuka da yawa cikin firgici ko sauya adireshi na iya ƙara ɓarna. Farfaɗowa na iya ɗaukar watanni, don haka tun a makon farko ka juya ga jerin kwastomominka da hanyarka ta biyu.

Idan asusun talla aka dakatar, babban kuskure shi ne buɗe sabo da wani suna ko katin wani. Google na ɗaukar wannan a matsayin zagaye tsari, laifin da ya fi na farkon nauyi, kuma kamfanonin na iya haɗa asusun biyu ta kati, ta adireshin shafi ko ta na'ura. Ka kuma yi hattara da saƙonnin da ke cewa za a rufe shafinka cikin awa 24 idan ba ka danna wata mahaɗa ba, da masu cewa sun san wani a ciki da zai buɗe maka idan ka biya. Ana sace asusu da yawa ta wannan hanyar, kuma sun fi samun mutum lokacin da hankalinsa ya tashi. Shiga asusunka ta hanyar da ka saba, ka karanta sanarwar a can.

Gyara kafin ka ɗaukaka ƙara. Karanta dokar da aka ambata, ka bi tallarka da shafinka layi-layi, ka cire duk abin da ya saɓa, har da tsofaffin tallace-tallacen da ka tsayar. Sannan ka rubuta ƙara ɗaya, gajera, ba faɗa ba roƙo: ga abin da kasuwancina ke sayarwa, ga dokar da aka ce na saɓa, ga abin da na gyara da adireshin kowane shafi, ga takardun rajista da shaidar biyan kuɗi. Idan ka tabbata kuskure aka yi, ka faɗi haka ka kawo hujja. Kada ka riƙa tura ƙara iri ɗaya kullum, don yawan turawa ba ya hanzarta dubawa. Ajiye lambar ƙarar da ranar da ka tura da hoton kowace amsa, domin idan aka kai ga magana da ma'aikacin tallafi, su ne abin da zai fara nema.